Ga Mai Neman Ƙaramar Mota a Birnin Zariya

Malam Edita,

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, malamai da ƙananan ma'aikata a nan Zariya suka koma neman ƙaramar mota mai guntun baya, wadda ba ta shan mai, kuma take iya juyawa a lungunan Kwarbai. Abin da ke damuna, da yawansu fenti suke saya.

Golf 3 ta fara fitowa tun 1991, ta tsufa, amma kayan gyaranta na nan birjik a Sabon Gari. Idan kuɗi ya ɗan kai, ni Pontiac Vibe nake fifitawa: yawancinsu injin Corolla ne a ciki, kuma cikinta bai cika taɓa ƙasa ba idan damina ta zaizaye hanya. Peugeot 206 na da arha, sai dai wayoyinta na son gwani.

Idan za a sayi mota, don Allah a je da bakaniken da aka yarda da shi, ba na dillali ba, kuma da sassafe, kafin a ɗumama injin. A buɗe murfin baƙin mai; idan an ga farin kumfa kamar madara, wataƙila ruwa ya shiga, a haƙura da motar. A ɗaga kafet a duba tsatsa. Sannan a gwada lambar jikin mota da ta takardun kwastan, musamman idan motar 'yar Kwatano ce, kafin a ba da ko kobo.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Doka, Zariya