Zauren Zango: Dogon Hutu Ya Zo, Ina Za Mu Kai Yara?

 

Duk shekara idan makarantu suka ba da dogon hutu, kukan iyaye a Aboabo da Asawase da Sabon Zango iri ɗaya ne: yara sun cika gida, daga rigima a bakin famfo sai kallon waya har tsakar dare. Mu manya kuma daga shago sai benci, daga benci sai asibiti, likita na faɗa mana hawan jini da ciwon sukari. Muna ganin akwai magani guda da zai taimaki ɓangarorin biyu, kuma ba ya buƙatar fasfo: a ɗauki iyali a hau dutse.

Wani zai ce wannan ai al'adar Turawa ce. To, a tuna kakanninmu fatake da ƙafa suka zo ƙasar nan. Tsohuwar hanyar goro daga Kumasi zuwa Salaga ta bi ta Mampong da Ejura da Atebubu da Yeji, kuma duk wanda ya san hawan Mampong ya san abin da suka sha da kaya a ka. Jikokinsu ne yau ke haki kafin su kai bene hawa na biyu.

Wuri mafi kusa da mu shi ne tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin, shi ya sa tuddai suka kewaye ruwan kamar bakin ƙwarya. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Ana bi ta Kuntanase a gangara ƙauyen Abono. Mun kai namu yaran, kuma hawan dawowa ya nuna mana matsayinmu: 'yan shekara goma suna gaba suna dariya, mu muna baya muna neman inuwa.

Mai ɗan hali kuma ya nufi duwatsun Kwahu. Garin Nkawkaw na gindinsu a kan hanyar Accra, akwai zango da masallatai, ba za a rasa masauki da abincin halal ba. A kan dutsen Odweanoma da ke Atibie aka fara bikin tashi da lema a 2005, lokacin Ista. Sai dai mai iyali gara ya kauce wa kwanakin bikin, saboda cunkoso da tsadar ɗaki da abubuwan da ba ma so yara su gani.

Matasanmu masu ƙarfi a jika su sani gudu a hanyar dutse wasa ne mai zaman kansa. A Kamaru tun 1973 aka fara tseren hawa dutsen da ke Buea, mai tsayin fiye da mita 4,000. Wata baiwar Allah, Sarah Etonge, uwar 'ya'ya, ta lashe shi sau bakwai. A Nijeriya ma an fara tseren dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005. Zangon da ya cika filayen ƙwallo da gwanaye ba zai rasa mai gudu ba, idan an nuna masa hanya.

Amma a yi hattara. Tafkin nan yana da zurfi ƙwarai, kada a bar yaro ya shiga ruwa ba babba a kusa. Asantawa suna girmama wurin, saboda haka a tambayi mutanen gari abin da aka hana kafin a yi. A fita bayan sallar asuba tun rana ba ta yi zafi ba, a riƙe ruwan sha da takalmi mai kama ƙasa, domin silifa na zamewa a gangara, balle da damina. Mai hawan jini ya fara ganin likita, kuma ya fara da tafiya kafin gudu.

Saura maganar kuɗi. Mun san halin da ake ciki. Amma gida uku ko huɗu za su iya yin adashi su ɗauki mota guda, a dafa waakye daga gida, a je a dawo a yini ɗaya. Abin da muke zubarwa a ankon biki guda ya isa. Kuma don Allah kada a bar 'yan mata da iyayensu mata a gida suna wanke-wanke. Su ma suna da haƙƙin shan iska da ganin ikon Allah.

Muna kira ga ƙungiyoyin matasa da malaman makarantun allo da na Islamiyya su shirya ko da fita ɗaya kafin hutun ya ƙare. Wanda ya je ya rubuto mana yadda ta kaya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.