Zaƙami: Tukunyar Jiya Ba Ita Ce Ta Yau Ba

Duk wanda ya zaga bayan gari a Dundaye da damina, ba wuya ya ga zaƙami ya tsiro a kan juji, da furensa mai kama da kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya. Wasu na kiransa haukata-yaro. Akwai matasan da kan zuba shi cikin kunu ko shayi don su bugu, musamman lokacin biki. In an gargaɗe su, sai su ce ai wane ya sha kofi guda jiya, kuma ga shi lafiya lau. Wannan hujja ba ta da tushe a kimiyya.

Zaƙami, wanda masana ke kira Datura metel, dangin tumatir ne da gauta da taba. Yana ɗauke da sinadarai uku masu ƙarfi: atirofin da hayosiyamin da sikofolamin. Aikinsu shi ne toshe hanyar asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi. Shi ya sa bakin mashayi kan bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, zuciya ta yi ta bugawa, jiki ya yi zafi ba gumi, fitsari ya tsaya, ya shiga gane-gane. In abin ya yi yawa, sai suma ko ajali.

Babban haɗarin shi ne yawan waɗannan sinadarai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na cikin iri ya bambanta da na ganye, na ɗanyen tsiro ya bambanta da na wanda ya ƙosa. Ƙasar fadama da ta tudu, da yawan ruwan sama, da daɗewar tukunya a wuta, duk suna sauya lissafi. Kowace uwargida ta san barkonon wata gona ya fi na wata yaji, amma shi harshe kan tona asirinsa. Zaƙami kuwa ba ya gargaɗi, sai ya riga ya shiga jini.

Tun farkon shekarun 1830 masana a Jamus suka ware atirofin daga wani tsiro ɗan'uwan zaƙami. Har yau likitoci na amfani da shi wajen duba ido da ceton wanda ya sha maganin ƙwari, amma da awon miligiram. Tukunyar bayan gida ba ta da ma'auni.

Saboda haka tsawa da bulala kaɗai ba za su wadatar ba. Ya kamata malaman sakandare su kawo wannan misali cikin darasin kimiyya, domin yaron da ya fahimci dalili ya fi wanda aka tsorata kamewa. Haka kuma ya dace ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo su tattaro zaƙami daga unguwanni daban-daban na Sakkwato, su auna ƙarfinsa, su bayyana sakamakon da Hausa, don mai cewa wane ya sha ya tsira ya ga bambancin da idonsa.