Da Aka Tambayi Matan Japan

A shekarun 1980 wata malama a Jami'ar McGill ta Kanada, Margaret Lock, wadda fanninta shi ne nazarin al'adun mutane da lafiyarsu, ta raba takardun tambayoyi ga mata sama da dubu a Japan, 'yan shekara 45 zuwa 55. Da gangan ta zaɓi wuraren da rayuwa ta sha bamban: matan aure na masu rufin asiri a Kobe, ma'aikatan masana'antu a Kyoto, da manoma a karkarar Nagano. An jera musu larurori iri-iri, aka ce kowacce ta nuna wanda ya dame ta cikin mako biyun da suka wuce. Irin waɗannan tambayoyi ne aka yi wa matan Manitoba a Kanada da na Massachusetts a Amurka, saboda haka ana iya ɗora amsoshin kusa da juna a duba.

A lokacin likitocin Turai da Amurka sun gama yanke hukunci cewa babbar alamar macen da al'adarta ke shirin ɗaukewa ita ce zafin nan da ke taso mata farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo, da dare kuma ta farka jagab. A Massachusetts kusan kashi 35 cikin 100 na matan sun ce sun ji shi. A Manitoba kashi 31. A Japan kuwa kashi 12 ne kacal. Abin da ya fi addabar Japanawan shi ne ƙagewar kafaɗa, wanda sama da rabinsu suka ambata, sai ciwon kai da na baya. Akwai kuma wani adadi da ba a cika tsayawa a kansa ba idan ana ba da labarin binciken nan: kusan mace ɗaya cikin huɗu ta yi kukan bushewar ciki ko gudawa. Wato masu kuka da hanjinsu sun ninka masu kuka da zafi. Lock ta tattara wannan duka a littafin da ta fitar a 1993, ta kuma kafa hujja cewa jikin ɗan Adam ba ya amsa sauyin shekaru iri ɗaya a ko'ina. Abinci, aiki, gado da yanayin zaman gida duk suna shiga cikin jikin, su sauya abin da mai shi yake ji.

Sauyin da ke faruwa a ciki dai ɗaya ne, ko a Kobe ko a Katsina. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawanci hakan na zuwa ne tsakanin shekara 45 da 55. Wahalar tana cikin shekarun da ke gabanin haka, waɗanda kan kai huɗu, wata ma takwas ko fiye. Mutane suna ɗauka sinadarin istirojin yana raguwa ne sannu a hankali. Ba haka yake ba. Wani watan ya yi sama fiye da yadda yake a jikin budurwa, wani watan ya faɗi warwas. Ɗan'uwansa furojestaron kuma yana ja da baya, domin ba kowane wata ake sakin ƙwai ba. Shi ya sa jini ke zuwa da wuri, ko ya yi wata uku bai zo ba, sannan ya ɓalle kamar ba zai tsaya ba. Barci ya lalace, zuciya ta yi kusa, mantuwa ta yi yawa.

Ina ruwan hanji da wannan? Duk matar da ta taɓa ɗaukar ciki ta san amsar, ko da ba ta san sunan sinadarin ba. Furojestaron yana sassauta tsokar hanji, abinci ya daɗe bai wuce ba, shi ne bushewar cikin masu juna biyu da ta kwanakin da ke gab da al'ada. Bangon hanji yana da wuraren da istirojin ke kamawa, don haka hawa da saukarsa na iya taɓa saurin tafiyar abinci da yadda mace ke jin iska da murɗa. Hanyar kuma ba mai tafiya ɗaya ba ce. Hanta tana ɗaure istirojin da jiki ya gama da shi, ta zubar da shi cikin hanji ta ruwan matsarmama. A can akwai ƙwayoyin bakteriya da ke kwance wannan ɗauri, wani kaso ya sake komawa jini. Ke nan mazauna hanjin mace suna da hannu a yawan sinadarin da ke yawo a jikinta.

Nan ne labarin Japan ya ƙara daɗi. A 1992 wani masani ɗan Finland, Herman Adlercreutz, da abokan aikinsa suka kawo shawarar cewa wataƙila sirrin yana cikin waken soya. Japanawa suna cinsa kullum: a miyar miso ta safe, a tofu, a natto mai yauƙi da wari. Waken yana ɗauke da wasu sinadarai da suka yi kama da istirojin, sai dai ƙarfinsu kaɗan ne. Kamfanoni a Amurka da Turai suka yi caa, aka cika kantuna da ƙwayoyin soya. Da aka zo gwaji sai sakamako ya ƙi tsayawa wuri ɗaya: wani binciken ya ga sauƙi, wani bai ga komai ba. Daga baya aka lura da wani abu. Ɗaya daga cikin sinadaran waken, daidizin, sai ya isa hanji wasu bakteriya na musamman suke juya shi ya zama wani mai suna ikwal, wanda ya fi shi kama jiki. Kuma ba kowa ke da waɗannan bakteriya ba. A Japan da maƙwabtanta kusan rabin mutane suna da su, a ƙasashen Turawa kuwa kashi 25 zuwa 30 ne cikin 100. Mata biyu za su ci daga kwano ɗaya, abin da ya isa jinin wannan daban da na waccan. Kamfanin Otsuka na Japan har ya fitar da ƙwayar ikwal mai suna Equelle a 2014, domin matan da hanjinsu ba ya yi.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce to ai mu ma muna da awara. Gaskiya ne, kuma dangantakar ta fi yadda ake zato kusa. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar raya ƙasashe ta Japan ta turo wani gwanin tofu, Osamu Nakayama, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, inda aka yi aikin daidaita yin cukun soya da kayan da ake samu a gida. Yau ga awara a ƙofar kowace makaranta, ana daskarar da ita da ruwan tsami, ga daddawar soya tana gogayya da ta kalwa. Abinci ne mai gina jiki kuma mai araha, kuma macen da ƙashinta da tsokarta suka fara raguwa tana buƙatar irinsa. Amma kada a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. A 2023 ƙungiyar likitocin Arewacin Amurka masu kula da wannan fanni ta duba hujjojin da ke ƙasa, ba ta saka soya ko ikwal cikin abin da take ba da shawara a yi maganin zafin da shi ba. Ga kuma bambancin girki: Bajapaniya tana cin tofunta a ruwan miya, tamu kuwa sai ta yi iyo a mai, an bi ta da yaji. Mai fama da ƙwannafi ta san abin da hakan ke jawo mata da dare.

Akwai wani dalilin da ya hana mu kwafo lissafin Japan kai tsaye. A Amurka wani babban bincike mai suna SWAN ya fara bin mata 3,302 tun 1996, daga jinsi daban-daban. Rahotonsa na 2015 ya nuna cewa a cikin masu yawan jin zafi da gumin dare, matsakaicin tsawon lalurar shekara 7.4 ne. Ga masu asalin Japan 4.8, ga farare 6.5, ga baƙaƙen fata 10.1. Baƙar Ba'amurkiya ba Bahaushiya ba ce, abincinsu da rayuwarsu sun bambanta. Duk da haka adadin ya isa ya hana mu cewa wannan ciwon Turawa ne. A garin da watan Afrilu ke sa kowa gumi, matar da zafi ke taso wa daga cikin jiki wa za ta gaya wa ya yarda?

Abin da ya fi kama hankalina a aikin Lock ba adadin ba ne. Da ta zauna hira da matan, da yawansu ba tsayawar jini ce ta dame su ba. Damuwarsu surukai ne da suka tsufa suka kwanta, domin a al'adar Japan jinyar iyayen miji kan faɗa wa matar babban ɗa. A daidai lokacin kuma wasu likitoci da masu faɗa a ji suna cewa wannan ciwo ne na matan da hutu ya yi wa yawa. Masu ɗauke da kaya mafi nauyi su ake kira 'yan hutu. Wani binciken da aka daɗe ana yi a Seattle ya zo da abin da ya yi daidai da wannan ta fuskar hanji: tsananin bushewar ciki da gudawa a waɗannan shekaru ya fi tafiya tare da damuwa da ɗaurewar rai fiye da ma'aunin istirojin. Ƙwaƙwalwa da hanji suna magana da juna ta jijiyoyi, kuma rashin barci yana ƙara wa ciki saurin jin ciwo.

A duba 'yar shekara 47 a gidajenmu. Tana haɗa kayan ɗakin 'yarta, ga jikoki an kawo yaye, ga gyatuma a kwance, wani lokacin ga maigida yana ta gyaran ɗakin amarya. In ta yi faɗa a ce kishi ne. In ta kasa barci a ce tunani ta sa wa ranta. In ciki ya kumbura yana zafi, sunan a shirye yake: olsa ce. Sai a aika yaro kemis ya karɓo farin ruwan nan na alli da filajil, a haɗa da ɗan jiƙon kanwa. Gyambon ciki gaskiya ne, yana da ƙwayar cutar da ke kawo shi, ana gwada ta, ana kuma maganinta. Amma shan maganin kashe ƙwayoyi a kai a kai ba tare da gwaji ba yana share har da bakteriyar da ke yi wa mace aiki. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda mata ke sha saboda gwiwa da baya, su kansu suna cin bangon tumbi. Jini mai yawa yana jawo ƙarancin jini, musamman ga mai ƙarin mahaifa, ƙwayar ƙarin jini kuma tana busar da ciki. Mace na iya shiga wannan zagaye shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarta yaya al'adarta take a 'yan watannin nan.

Ita ma ba lallai ta faɗa ba. Maganar jinin da ya rikice ta fi saurin zuwa wurin malama a Islamiyya, a kan salla da ramuwar azumi, fiye da zuwa asibiti. In kuma jini ya ɗauke wata huɗu ga ciki ya tasa, sai a fara raɗe-raɗin ko ciki ne ya kwanta. Gwajin fitsari na 'yan mintuna yana raba gardama, kuma ya kamata a yi shi, domin mace na iya ɗaukar ciki har sai ta cika wata 12 ɗin nan.

A ganina abin koyi daga Lock shi ne yadda ta yi tambayar. Ba ta tsaya ga jerin alamomin Amurka kaɗai tana neman wadda ta dace da shi ba. Ta bar matan suka faɗi inda ke yi musu ciwo, sai ga kafaɗa da hanji sun fito gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da asibitocin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai, muna da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta. A yi wa matan birni da na ƙauye irin wannan tambaya da Hausa, mace ta yi wa mace, a saka ciki da barci da nauyin gida a cikin jerin. Kafin nan, ma'aikaciyar jinyar da 'yar shekara arba'in da wani abu ta zo wa da kukan olsa za ta iya ƙara tambaya biyu: "Hajiya, yaya al'ada? Kina samun barci kuwa?"

Abin da ke rage wahalar cikin ba baƙo ba ne a wurinmu: ruwa isasshe, zogale da rama da kuka da kuɓewa, wake, gero da dawar da ba a surfe su ƙwarai ba, kindirmo ga wadda yake karɓa, tafiya a ƙasa kullum, da cin abincin dare da wuri kafin a kwanta. Wadda zafi da rashin barci suka hana sakat akwai maganin mayar da sinadaran, likita ne ke duba ko ya dace da ita.

Sai dai kada mu tashi daga cewa komai olsa ce mu koma cewa komai shekaru ne. Sankarar ma'ajiyar ƙwai tana fara sallama da kumburin ciki, shi ya sa take yawan ɓuya har ta yi nisa. Tun 2011 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta umarci likitoci su yi gwajin jini na CA125 ga mace, musamman wadda ta kai 50, in kumburin ya nace yana zuwa sama da sau 12 a wata, ko tana ƙoshi da loma kaɗan, ko mara na ciwo, ko fitsari ya yawaita. Haka nan jini a bayan gida ko baƙin bayan gida, rama ba dalili, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, da duk wani jini da ya dawo bayan an shekara da ɗaukewar al'ada. Waɗannan ba na kemis ba ne, asibiti ake kai su a makon da aka gan su.