Ido Ba Mudu Ba Ne, A Auna Gudun Motar

Duk sanda mota ta kife a hanyar Dakoro zuwa Maradi, bidiyon kyamarar gaban mota ya shiga WhatsApp, sai mu rabu biyu: masu cewa "ƙaddara ce, a bar maganar", da masu rantsuwa direban na gudun kilomita 140. Ni ban yarda da kowannensu ba. Waɗancan sun binne haƙƙin mamaci, waɗannan sun ɗaure direba da zato.

Gudu abin aunawa ne. A nemi alamu biyu da suka fito a bidiyon, bishiya da turken lantarki misali, a je wurin a auna tsakaninsu. In mita 50 ne, motar ta cinye su a daƙiƙa 2, to mita 25 ke nan a daƙiƙa. A ninka da 3.6, kilomita 90 a awa. Kuma wanda ya ninka gudunsa, nisan da birki zai tsayar da shi ya ninka sau huɗu.

Don haka jandarmomi su riƙa karɓar asalin bidiyon daga kyamara, ba wanda ya sha yawo a wayoyi ba. Marayu da direba duka lissafi suke buƙata, ba gardamar tasha ba.