Gwaza Ce Muke Sayowa a Tukunyar Ado

Ranar da na sauka daga motar Kano rungume da tukunyar shuka, kakata ta leƙo daga ɗaki, ta shafa ganyen, ta ce, "Ke yanzu duk bokon naki, gwaza kika je birni kika sayo?" Na ji haushi. Na ce mata sunanta difenbakiya, kuma asalinta daga dazukan Kudancin Amurka ne. Ta ce ko daga bangon duniya ta zo, dangin gwaza ce. Da na koma na bincika, sai ga shi tsohuwa ce da gaskiya.

Masana tsirrai sun haɗa su gida ɗaya, suna kiransa Araceae, kuma nau'in da ke cikinsa ya haura 3,000. Gwaza da makani suna ciki. Kainuwar da ke yawo a kan kududdufi ma tana ciki. Haka monstera mai ganye huje-huje da muke gani a bayan masu ɗaukar bidiyo, da mai yaɗon nan da ake ce wa shukar kuɗi, da kaladiyom mai ganye ja da fari kamar an yi masa fenti. Ni ba na adawa da a ƙawata gida da su, ina ma so. Abin da nake ja a kai shi ne yadda muke sayensu saboda hoto, ba mu tambayi halinsu ba, alhali halin gwaza ba baƙo ba ne a wurinmu.

Kowa ya san abin da ɗanyar gwaza ke yi wa maƙogwaro. Ƙaiƙayin nan yana zuwa ne daga wasu ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet da ke cikin jikinta, waɗanda ido ba ya gani. Ita gwaza dafuwa ce ke kashe kaifinta. To waɗannan na ado suna ɗauke da alluran nan su ma, kuma babu mai dafa su. Wata uku da kawo tawa, ɗan yayata mai shekara 2 ya tsinki ganye ya kai baki. Kafin mu ankara leɓe ya kumbura, miyau na zuba, kuka ma da ƙyar yake fita. Muka wanke masa baki, muka ba shi ruwan sanyi, muka garzaya asibiti. Allah ya taƙaita, zuwa dare ya lafa. Daga baya na ji cewa laƙabin da Turawa suka yi wa shukar ma'anarsa "karan bebe", don takan hana wanda ya tauna ta magana na wani lokaci. Wanda ya sayar mini bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Gidajenmu kuwa ba irin na cikin hotunan nan ba ne da mutum ɗaya ke zaune da kyanwarsa. Tsakar gida ɗaya ga masu rarrafe, ga awaki, ga kaji.

Sai maganar iska da ruwa. Monstera 'yar kurmin Meziko ce da ƙasashen da ke kudu da ita, inda take hawa bishiya cikin inuwa da raɓa. Mu kuwa a Ɗanbatta, daga Nuwamba hunturu zai busar da gefen ganyen ya koma kamar tsohuwar takarda, a Afrilu kuma zafi ya haura digiri 40. Madatsar ruwa ta Tomas na kusa da mu, gaskiya ne, amma wannan bai hana gidaje da yawa sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa ba. Ban ga hikimar a riƙa fesa wa ganye ruwan saye safe da yamma don kawai ya yi kama da na wata a Legas ba.

In dai za a saya, ni zamiyo nake zaɓa, wadda wasu ke kira ZZ. 'Yar Afirka ce, daga gabashin nahiyar, kuma tana da saiwa dunƙule kamar dankali inda take ajiye ruwa. Mantuwa ba ta kashe ta, yawan ban ruwa ne ke ruɓar da ita. Shukar kuɗi kuma ba ta ma cancanci a fitar mata da kuɗi ba: yanki reshe a ƙasan gaɓa wurin maƙwabciya, saka a kwalbar ruwa, za ta yi saiwa. Sai dai a riƙa canza ruwan duk bayan 'yan kwanaki, in ba haka ba kin buɗe wa sauro gidan haihuwa a gefen gadonki. Kaladiyom ce ta fi ba ni sha'awa, don ta san kalandarmu. Rani na shigowa sai ganyen ya bushe, mutane su ɗauka ta mutu su zubar, alhali kwanciya ta yi, damina na sauka za ta tofo. Dukkansu dai a rataye su ko a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma a wanke hannu bayan an yanke su.

Difenbakiyar tawa na kai wa wata ƙawata da babu ƙananan yara a gidansu, bayan na ba ta labarin ɗan yayata tun daga farko. Kakata kuwa ta karɓi gurbin. Ta sa aka samo mata irin gwaza ranar kasuwa, ta binne a lungun da ruwan alwala ke gangarawa, ta kewaye da ƙaya saboda awaki da jikoki. Ganyen yanzu ya fi faifai faɗi. Makon jiya wata baƙuwa ta tsaya ta ɗauki hoto a gabansa, tana tambayata a wane wurin masu furanni na sayo.