Sharhi: Laburaren Makaranta da Mutanen Gari



Duk wanda ya taɓa shiga kwalejin ilimi ko jami'a a ƙasar Hausa lokacin Makon Hausa ya san yadda makaranta take sauya kama. Samari sun sha rawani, 'yan mata sun sha lalle da saƙi, an naɗa sarkin ɗalibai da wazirinsa da magajiya, kalangu na tashi, 'yan dambe sun ja daga a fili, ga dambu da ɗanwake da fura a akussa da ƙore. Haka ma ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, wadda matasa suka faro a kafafen sada zumunta a 2015, yanzu kuma ta shiga makarantu da fadoji. Abin alfahari ne. Sai dai a tsakiyar makarantar akwai ginin da masu shirya biki ba su cika tunawa da shi ba, wato laburare, alhali a cikinsa ne aka ajiye mafi yawan abin da ake bikin dominsa.

Mu ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Babban laburarenta da ke Samaru yana ɗauke da sunan Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa a zamanin Sardauna, akwai kuma Laburaren Shugaba Kennedy a Kongo. Tun shekarun farko na jami'ar, Farfesa Abdullahi Smith da abokan aikinsa suka shiga tattara rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami daga gidajen malamai, a ƙarƙashin shirin binciken tarihin Arewa. A 1970 kuma aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan da Sardauna ya zauna, ya zama cibiyar adana takardun tarihi ta jami'ar. A irin waɗannan wurare ne mai bincike yake neman tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa daga Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da littattafan gasar 1933 irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Sakkwato da Kano su ma suna da nasu taskokin a jami'o'insu, haka Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

To wannan dukiya daga ina ta fito? Daga cikin gari ta fito, daga zauren malam da ɗakin tsohuwa da rumfar maƙeri. Ku dubi abin da ke faruwa kowace shekara. Ɗalibin Sashen Hausa ko na Tarihi zai hau mashin ya tafi ƙauye, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa. Sarkin Fawa ya ba shi kirarin mahauta, wata gwaggo ta rera masa waƙoƙin daka da na niƙa, wani dattijo ya lissafa masa sunayen dagatan garin tun daga na farko. Ba su karɓi ko sisi ba. Ɗalibi ya koma ya rubuta kundi, a yi masa bango mai kauri, a jera shi a kanta, shi kuma ya karɓi takardar shaidarsa ya tafi bautar ƙasa. Gwaggon nan har ta koma ga Mahaliccinta ba za ta ga shafin da sunanta yake ba, jikokinta ma ba su san akwai shi ba. A ganinmu wannan bashi ne a wuyan makaranta, kuma laburare ne wurin da ya dace a biya shi.

Lokacin bukukuwan al'ada shi ne mafi sauƙin biyan. A Makon Hausa, a ware zaure guda a laburare, a fito da kundayen da aka rubuta a kan garuruwan da ke kewaye da makarantar, a gayyato mutanen waɗannan garuruwa, a karanta musu da Hausa abin da iyayensu suka faɗa. Idan akwai kuskure su gyara, domin sau da yawa akwai. Gab da Sallah a baje tsofaffin hotunan hawa da bayanin ma'anar Hawan Daushe da Hawan Bariki, musamman yanzu da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Ranar 21 ga Fabrairu, Ranar Harshen Uwa, a tuna cewa makarantar ba ta Hausawa kaɗai ba ce: Bafulatani da Babarbare da Banufe da Bajju duk suna da abin da za su nuna, kuma laburaren da ya san aikinsa zai ba kowa kanta.

Batun rubutun hannu kuwa ya fi kowanne gaggawa. Akwai gidaje da yawa da gafakar kaka take rataye a ɗaki, gara na ci, damina na jiƙawa, magada kuma suna tsoron bayarwa don kada ta tafi ke nan. Tsoronsu yana da dalili. Amma yau ba sai an raba mutum da gadonsa ba. Ma'aikacin laburare zai iya ɗaukar hoton kowane shafi a gaban mai shi, ya koya masa yadda ake nisanta takarda da laima, ya ba shi kwafe a waya, ya mayar masa da abinsa a ranar. Idan mutum ɗaya ya ga an cika masa alkawari, gobe maƙwabcinsa da kansa zai kawo tasa.

Masu kula da laburare za su ce kujeru ba su ishi ɗalibai ba balle baƙi, kuɗi babu, kuma littafi kan yi ƙafa. Gaskiya ne, ba kuma muna cewa a bar ƙofa a wangale ba. A yi katin baƙo, a ɗauki sunan mai shiga, a keɓe ranar Asabar ko lokacin hutu, sa'ad da zaurukan karatu suke wayam. Asusun TETFund yana ware kuɗi don bunƙasa laburaren manyan makarantun gwamnati, kuma kuɗin jama'a ne. Yaron unguwa da zai rubuta JAMB a kwamfuta bai taɓa riƙe linzami ba, ga kwamfutoci a jere cikin laburare. Malamin firamare yana neman littafin da zai shirya darasi. Manomin Samaru ko Shika yana da haƙƙin ya ga ƙasidun noma da cibiyoyin binciken jami'ar suke fitarwa, wasunsu ma da Hausa.

Saboda haka kiranmu ga shugabannin ƙungiyoyin Hausa na makarantu shi ne, idan an zauna tsara bikin bana, a kira shugaban laburare tun zaman farko, a ba shi rana guda cikin makon. Takardar gayyata kuma ta isa ga hakimi da limami da shugabar mata da malaman firamare na unguwannin da ke bayan katangar makaranta, a kuma sanar da maigadi cewa ranar duk wanda ya zo ba shi da katin ɗalibi baƙon laburare ne, a nuna masa hanya.