Filin Ilmi: Kwamfuta Ba Kayan Ado Ba Ce

A wannan wata za mu tattauna ne a kan kwamfuta da makomar yaranmu na zango a Paraku da Zugu.

Tun ƙarshen 1995 ƙasarmu Benin ta shiga intanet, lokacin da Kwatano ta karɓi taron ƙasashe masu amfani da Faransanci. A 2001 aka buɗe Jami'ar Paraku. To, bayan duk waɗannan shekaru, yara nawa ne a zango suka taɓa sa hannu a kan kwamfuta? A wata lakwal darasin a kan allo yake ƙarewa, malam ya zana, yara su kwafa. A wata kuma na'urar tana nan, amma an lulluɓe ta da ƙyalle a ofishin darakta, wai kada ta lalace. Ai doki ba ya koyuwa daga bayan danga.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne tsada. Gaskiya ne sabuwa tana da tsada, amma yaro mai koyo ba sai da sabuwa ba. Ta gwanjo ma ta wadatar, in an lura da abu uku. Na farko, ma'ajiyar aiki da ake kira RAM kada ta gaza giga 4. Na biyu, a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, domin ya fi sauri, ya kuma fi jure jijjiga. Na uku, a zaɓi ta tafi-da-gidanka mai batir mai rai, saboda ko wuta ta ɗauke darasi bai tsaya ba. Sai kuma a kiyaye ƙurar hunturu, don ita ke toshe fanka har na'ura ta yi zafi ta mutu.

Akwai kuma Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda aka fito da ita a Ingila a 2012 a kan dala 35. Wutar da take ci kaɗan ce, faifan hasken rana da batir sun ishe ta.

Me za a koyar? Buga wasiƙa kawai bai isa ba. Manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana kuma da Faransanci. Da ita ɗan shekara 8 zai harhaɗa umurni ya ƙirƙiro wasansa da kansa. Wanda ya girma sai ya wuce zuwa Python, ya kuma koyi kwance na'ura da ɗaurawa, wanda shi ma sana'a ce mai ci da gida.

Kakanninmu fatake da suka bi ta Zugu zuwa Gwanja neman goro ba su jira kowa ya riƙe masu lissafi ba. Yau lissafin ya koma cikin kwamfuta, kuma wanda bai iya ba, sai ya biya wani ya duba masa sirrin kasuwarsa.

Don haka muna kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin iyaye da alhazanmu 'yan kasuwa da su haɗa hannu: ɗaki guda, kwamfuta 5, malami guda mai albashi. A kuma ware wa 'yan mata ranakunsu, kada a bar su baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.